Kafin Ka Kashe Dubu Saba'in A Kan Littafin Dodanni

Ba mu da yawa, na sani. Amma idan kana cikin 'yan matasan da suka fara ɗanɗana wasan nan na labari, wanda ake zama a kewaye mutum ɗaya yana jan zare, saura kowa ya ɗauki jarumi guda yana yanke masa shawara, to ko ba daɗe ko ba jima za ka iso kan tambayar da kowa ke isowa: wane littafin dodanni zan saya? Amsata a gajarce ita ce, kada ka fara da na Turawa. Ka karɓi lissafinsu, tunda kyauta suka sake shi, kuɗinka kuwa ka kai su wajen littattafan tatsuniya. Su ɗin ma ba kowanne ba.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, abin ba shi da wuyar ganewa. Ka ɗauka tatsuniya ce, sai dai masu sauraro ba sa zama shiru. Mai jan labari zai ce, "Kun iso bakin tafki da almuru, ruwan ya tsaya cak, ko kwaɗo ba ya kuka. Me za ku yi?" Wannan ya ce zai jefa dutse ya gani, wancan ya ce a koma gari a tambayi tsofaffi, wani sarkin taurin kai ya ce shi dai sai ya sha. Abin da suka zaɓa shi ke juya labarin. Wanda ya fi shahara a irin wannan wasa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Su a kan tebur suke yi, mu nan tabarma ta wadatar. Da yake jarumi ba ya amsa sunansa sai da abin da zai kara da shi, a 1977 Gygax ya fitar da littafi sukutum na dodanni zalla, mai suna Monster Manual, ɗauke da halittu sama da 350, kowace da bayanin ƙarfinta da saurinta da yawan saran da za ta sha kafin ta faɗi. Tun daga nan kasuwa ta buɗe, har yau ba ta tashi ba.

Bugun da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2025 yana da dodanni sama da 500, farashinsa kuma dala 50 ne ba kaɗan. A canjin da muke fama da shi tun 2024, wannan ya tasam ma naira 70,000, kafin a zo maganar kuɗin ɗauko shi daga waje. Wato littafi ɗaya ya cinye mafi ƙarancin albashin ma'aikaci na wata guda cur. Mu da muka fito daga yankin Watari a ƙaramar hukumar Bagwai, inda madatsar ruwa ta sa ba mu san zaman banza da rani ba, mun san abin da dubu saba'in ke nufi. Buhun taki ne har da canjin da za a zuba wa injin ban ruwa mai. Ka je ka ce wa Baba za ka sayi littafin dodanni da kuɗin, ka dawo ka ba ni labari.

Ba wai ina cewa littafin ba shi da amfani ba ne. Yana da shi. Abu mafi wuya ga mai jan labari shi ne auna ƙarfin dodo da na jarumai, don kada ya murƙushe su tun a karon farko kowa ya tashi ransa a ɓace, kada kuma ya zama lagwani su gama da shi kafin shayi ya huce. Waɗannan mutane sun shafe kusan shekara hamsin suna gyara wannan awo, kuma sun iya. To amma ga abin da masu tallar littafin ba za su fara gaya maka ba: a watan Janairun 2023 kamfanin ya saki ginshiƙin dokokin wasan, takardar da suke kira SRD, ƙarƙashin lasisin Creative Commons. Halal ɗinka ce, ka sauke a waya, ka buga, ka yi gini a kai. A cikinta akwai ɗaruruwan dodanni da cikakken lissafinsu. Wasu dai, har da waɗanda kamfanin ke ji da su, ba a saka su ba. Wasan Pathfinder ma, wanda ke goga kafaɗa da shi, dokokinsa da dodanninsa suna nan kyauta a shafin Archives of Nethys. Don haka wanda ya ce sai ya sauke na sata, ko hujjar talauci ba shi da ita. Idan kuwa Allah ya hore maka, kuma kana wasa ta intanet da mutanen da suka dage sai dokar asali, to ka sayi Monster Manual ɗin guda ɗaya ka tsaya nan. Kada wani ya ruɗe ka da Volo's Guide to Monsters na 2016 da Mordenkainen's Tome of Foes na 2018, domin akasarin dodannin cikinsu an tattara su a Monsters of the Multiverse na 2022. Biya biyu ne a kan kaya ɗaya.

Sai dai ko kuɗin ba su dame ka ba, akwai matsalar da ta fi ta kuɗi. Lissafi ba ya ba da tsoro. Ka zaunar da samari biyar a ƙofar gida bayan isha'i, ka ce musu ga wata halitta ta fito, rabinta mujiya rabinta wata dabbar dajin Turai da ko a gidan zoo ba lallai sun taɓa gani ba. Za su tambaye ka girmanta, ka faɗa, su ce a sare ta. Shi ke nan. Wata kuma ƙwallon ido ce ƙatuwa da ke yawo a iska. Dariya za a yi. Amma ka rage murya ka ce, "Kuna cikin tafiya sai kuka ji ana cewa ana jin warin ɗan Adam," ka ga yadda wuri zai yi tsit. Ba ka bayyana komai ba, ba ka nuna hoto ba, amma kowa ya riga ya ga Dodo, domin tun yana goye aka dasa masa shi a ka. Ɗan Amurka yana jin wani abu game da dodanninsa saboda ya tashi da fina-finansu da littattafansu. Wannan jin ba ya cikin kwalin da za a aiko maka.

Kuma ka lura da yadda aka gina Dodon tatsuniya, don a nan ne ni nake ganin ya fi dacewa da wasa fiye da na cikin littafin mai tsada. Ba kasafai ake cin Dodo da ƙarfi ba. Yana da doka, kuma wanda ya gano dokar shi ke tsira. A labarin Ɗan Auta, Dodo yana shigowa gari da dare yana kirari, kowa ya kulle ƙofa yana makyarkyata, yaro ƙarami ne ya amsa masa, ya gasa duwatsu suka yi ja ya jefa masa a baki. Haɗamarsa ce ta kashe shi. A wasu tatsuniyoyin tsoron karnuka yake, wanda ya fita da karnukansa ya kuɓuta, wanda ya bari aka ɗaure su a gida ya shiga uku. A wasu kuma alkawari ne makaminsa: mace ta matsu a bakin rafi, ya taimake ta bisa sharaɗin za ta ba shi abin da ke cikinta, shekaru su wuce, ya zo karɓar bashi. Wannan kaɗai ya isa wasan mako uku. Yaya za a yi da alkawarin da uwa ta ɗauka, 'yarta kuma ba ta san da shi ba? A cika, ko a saɓa, ko a nemi dabarar da za ta sa Dodo ya warware da bakinsa? Babu adadin sara da zai amsa wannan.

Ko macijin rijiyar Kusugu ta Daura ka duba. Abin da ya sa ake tuna shi ba tsawonsa ba ne, dokarsa ce: ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Gari guda yana rayuwa a ƙarƙashin wannan doka kafin Bayajidda ya iso. Ka ba 'yan wasanka gari irin wannan, inda kowa ya saba da ƙishirwa har wasu suna cin riba da ita, ka ga ko za su rasa abin yi. Haka tatsuniyar Daskin-da-Riɗi, inda sirrin duka yake a sanin suna, sunan kuma yana bakin tsohuwar da 'yan mata suka raina suka ƙi cuɗa mata baya. A yaren wasa, wannan na nufin wanda ya wulaƙanta tsohuwar da ya gamu da ita a hanya ya rufe wa kansa ƙofa tun bai sani ba. Masu tsara wasanni a waje suna shan wahala kafin su ƙirƙiro irin wannan tarko. Mu an gama mana shi tun kaka da kakanni.

To wanne za ka saya? Ni dai da Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya zan fara, jerin littattafai shida da suka fito a farkon shekarun 1970. An yi su ne don 'yan makaranta, kuma wannan ne ma amfaninsu gare ka: Hausar a miƙe take, labaran gajeru ne, a zama ɗaya za ka tsamo dodo da dokarsa da inda yake zaune. Gizo da Ƙoƙi da Kura ma suna nan, kuma kada ka raina su don ba su da ƙaho. Abokin tafiya irin Gizo, wanda zai rantse maka da safe ya sayar da kai da yamma, ya fi dodo goma tayar da hankalin 'yan wasa. Ka leƙa shagunan littattafai na Sabon Gari ko Kasuwar Kurmi in ka shiga Kano, ka tambayi masu sayar da tsofaffin littattafan makaranta. In ba ka samu shidan ba, ka ɗauki abin da ya samu.

Bayansa sai Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi uku da suka fito a ƙarshen shekarun 1930. Wataƙila ma akwai shi a gidanku, bango ya yage, wani yaya ya bari tun yana sakandare. Dodanni ba su da yawa a cikinsa, amma ba don su na sa shi ba. Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya da sauransu, ya sa musu riga da hula har ba ka iya gane baƙi ne. Wannan ita ce sana'ar da kake buƙata in ka sauke takardar SRD ɗin nan. Ka ɗauki lissafin wani ƙaton dodonsu, ka cire masa suna da kama, ka zaunar da shi a cikin kukar bayan gari, ka ba shi abin da yake so da abin da yake tsoro. A cikin dodanninsu har akwai masu kan kura da ke tafiya da ƙafa biyu. Kura kuwa ai tamu ce, mun fi su sanin halinta. Ahmadu Ingawa ma haka ya yi da Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda asalinsa jarumin tatsuniyar Rasha ne, amma yaro a Bichi zai karanta ya ɗauka ɗan ƙauyensu ne. Shi da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, duka ukun ba su kai kuɗin bangon Monster Manual ba, kuma kowanne taswirar tafiya ce da aka riga aka shimfiɗa maka, gari bayan gari.

Akwai kuma tsofaffin da ba saya za ka yi ba, nema za ka yi. Mafi girma shi ne Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku da Frank Edgar ya buga a Belfast tsakanin 1911 da 1913. Sunansa ne a bango, amma malamai ne suka rubuta akasarin abin da ke ciki da ajami, musamman a ƙasar Sakkwato, shi ya mayar da shi boko. Rubutun na wancan zamani ne, sai ka yi haƙuri da shi kafin idonka ya saba. Neil Skinner ya fassara shi zuwa Turanci daga baya da sunan Hausa Tales and Traditions. Wannan aikin ɗakin karatu na jami'a ne, ka tafi da littafin rubutu da biro. Na R. S. Rattray kuwa, wanda ya fito a 1913 cikin juzu'i biyu, yana ɗauke da hoton rubutun ajamin Malam Shaihu da hannunsa, kuma ana samunsa kyauta a Internet Archive. Abin da za ka tarar a waɗannan shi ne tatsuniya kafin a tace ta don aji uku na firamare. Dodon ciki ya fi muni, mutanen ciki ma ba duka ne na kirki ba.

A nan ne kuma zan ja maka birki. A wannan rumbun na intanet za ka ci karo da littattafan A. J. N. Tremearne, wani hafsan sojan Ingila. Na farkon, Hausa Superstitions and Customs na 1913, yana da tatsuniyoyi ɗari, ka ɗebi abinka ka bar masa ra'ayinsa na ɗan mulkin mallaka. Na biyun, The Ban of the Bori na 1914, wanda ya tattara a wajen Hausawan Tunis da Tarabulus, ya jero iskoki ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunansa da halinsa da abin da yake so. Duk mai jan labari da ya buɗe shi zai ce abin nema ya samu, ga littafin dodanni an gama tsara masa. Kada ka taɓa. Dodo na tatsuniya ne, kowa ya san da an ce ƙurunƙus ya koma inda ya fito. Bori ba haka yake ba. Ga wasu mutane a ƙauyukanmu abin da suka gada ne kuma suke riƙe da shi, ga mafi yawanmu kuma abu ne da addini ya raba mu da shi. Ko ta wane ɓangare ka duba, ba kayan wasa ba ne. Haka aljanu. Littafin Turawan ya kasa su gida-gida, wannan na iska, wannan na wuta, wannan na ruwa, har da Ifiritu, kowanne da adadin bugun da zai kashe shi. Su a wajensu ƙirƙira ce. Mu kuwa halittu ne da Alƙur'ani ya ba da labarinsu, har da sura guda da sunansu. Ranar da wani dattijo ya wuce ya ji kuna kiran sunayen iskoki a kan tabarma da daddare, ranar wasan ya mutu a unguwarku, kuma ba zan ce bai yi daidai ba.

Maye ma ka bar shi. Wannan ya fi sauran haɗari, don shi a kan mutum yake sauka. Har gobe akwai ƙauyukan da ake nuna tsohuwa da yatsa a ce ta kama kurwar yaro, a tozarta ta, wani lokaci abin ya wuce tozarci. Wasan da zai koya wa ƙannenka cewa tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen gari ita ce abin farauta, gara ba a yi shi ba.

Sai maganar ƙwaya, wadda na san tana ranka tun ɗazu. Dungeons & Dragons da jefa ƙwaya ake yin sa, irin ta ludo, sai dai babbar cikinsu fuska ashirin gare ta. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi hani mai tsanani a kan wasan nardi, kuma malamai da yawa sun shigar da duk wasan da ke tafiya a kan jefa ƙwaya a ƙarƙashinsa, ko da babu kuɗi a ciki. Ni ɗalibin aikin jarida ne, ba mai fatawa ba, ka tambayi malaminka. Abin da zan iya gaya maka shi ne wasan ba ya mutuwa don an cire ƙwaya. Tun 1991 aka fitar da Amber Diceless a Amurka, wanda babu jefa komai a cikinsa. Kai ma za ka iya raba wa kowane ɗan wasa tsakuwa goma, duk abu mai wuya da jaruminsa zai yi sai ya biya da wasu, in sun ƙare sai dabara. Ka ga kuwa dodon da ake ci da sanin dokarsa bai damu da sa'a ba tun asali. Wanda aka gina a kan yawan sara ne ke rushewa in babu ƙwaya.

Za ka ce duk wannan aiki ne, shi kuwa littafin Turawa buɗewa kawai za ka yi, ga hoto mai kyau ga lissafi. Gaskiya ne, aiki ne, kuma hotunansu suna da kyau wallahi. Har ma sun fara waiwayo mu: Nyambe na 2002 da The Mwangi Expanse na 2021 duk a kan Afirka aka gina su. Sai dai Afirka ce ta jimla, an haɗa gabas da yamma da kudu a tukunya ɗaya, ba za ka ji ƙamshin daddawa a ciki ba. A Abuja kuwa, kamfanin NIBCARD na Kenechukwu Ogbuagu yana ƙera wasannin tebur na Najeriya, har ya ci lambar Diana Jones a 2021, wadda ake ji da ita a wannan fage a duniya. Wato akwai masu neman irin kayan da ke zube a gidajenmu. Littafin dodannin Hausa da aka tsara don wasa, wani ne zai fara rubuta shi, kuma zan fi so ya zama wanda ya sha tatsuniyar a ɗakin kakarsa, ba wanda ya tsince ta a fassarar Skinner ba.

Shi ya sa daga cikin kuɗin da ka tara nake so ka ware na goro da sabulu. Ka je wajen Iya ko Gwaggo da daddare, don ka san ba za ta yi maka tatsuniya da rana ba. Ka nemi izininta kafin ka kunna rikoda a waya, in ta ce a'a ka kashe ka saurara da kunne. Kada ka gyara mata in nata ya saɓa da na littafi, domin Dodon Bagwai ba dole ne ya zama irin na Sakkwato ba, kuma bambancin shi ne ribarka. In ka koma ɗaki ka buɗe littafin rubutu mai shafi tamanin, kowane dodo ka ba shi shafi guda: inda yake zama, abin da yake so, abin da yake tsoro, alamar da ke riga shi isowa, da irin alkawarin da ke ɗaure shi. Lissafin ƙarfi ka aro daga SRD ka rubuta da fensir a gefe, don za ka yi ta gogewa. A ƙasan shafin kuma ka sa sunan wadda ta ba ka labarin, da garinsu, da ranar da ta faɗa maka.